Tsakuwa ta maƙale a saman bututun ƙoda: wane aiki ya kamata a yi?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Yayana ɗan shekara 45 ne, yana kasuwanci a Kantin Kwari. Wata biyu da suka wuce ciwon kwiɓin hagu ya kama shi har da amai. Hoton CT ya nuna tsakuwa mai milimita 14 a saman bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, kuma ƙodar ta kumbura. Wani likita ya ce a yi aikin leza, wani ya ce a yanka a ciro, abokansa kuma na cewa ya tafi Masar a fasa ta da na'ura ba tare da an taɓa jikinsa ba. Yanzu ciwon ya lafa, har yana cewa a bar maganar tukuna. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Yaya lafiya. Kafin mu zo ga zaɓin aiki, akwai abin da ya fi damuna a bayaninka, wato lafawar ciwon. Zafin tsakuwa yana zuwa ne daga fitsarin da ya taru a bayanta yana tura bangon bututu da na ƙoda. Idan toshewar ta daɗe, ƙodar kan rage tace fitsari, matsin ya sauka, mutum ya ji sauƙi, alhali naman ƙodar na ta sirancewa a hankali. Ɗaya ƙodar tana ɗaukar aikin biyun, shi ya sa gwajin jini zai iya fitowa lafiya lau, fitsari ma na fita kamar kullum. Ƙodar da ta toshe gaba ɗaya ta wuce mako huɗu zuwa shida tana iya yin asarar da ba ta dawowa. Yaya ya yi wata biyu. Don haka maganar a bari ba ta taso ba, ku taimaka ku fahimtar da shi wannan tun yau.

Idan kuma a kowane lokaci ya yi zazzaɓi da kyarma, ko fitsari ya ɗauke, ko amai ya ƙi tsayawa, ku kai shi sashen gaggawa a daren, kada a jira ranar ganin likita. Ƙodar da ta toshe kuma ƙwayoyin cuta suka shige ta kamar maruru ne da ba shi da mafita, cutar na iya bin jini cikin sa'o'i. A wannan hali ba a taɓa tsakuwar. Ana buɗe wa fitsari da mugunya hanya ne kawai, ko dai da siririyar roba ta ciki da za ta ratsa gefen tsakuwar, ko da roba ta kwiɓi kai tsaye cikin ƙoda, a ba da magungunan kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, sai jiki ya huce a dawo kan tsakuwar.

Me ya sa ba za ta fito da kanta ba? Bututun nan tsawonsa santimita 25 zuwa 30, amma faɗin cikinsa milimita 3 zuwa 4 ne, bai fi bututun tawadar biro da yawa ba. Tsakuwar da ba ta wuce milimita 5 ba, kamar ƙwayar dawa, galibi takan sauka da ruwa da haƙuri. Mai milimita 14 kuwa girman gurjiya gare ta, kuma tana can sama, duk matsatsin hanyar na gabanta. Ƙwayar tamsulosin da ake rubutawa don sassauta bututu amfaninta ya fi bayyana ga tsakuwar da ta sauko kusa da mafitsara, ba irin wannan ba. Nau'i ɗaya ne ake iya narkarwa da magani, tsakuwar yurik asid, wadda ba ta fitowa a hoton eksire na yau da kullum, kuma mai ita fitsarinsa kan yi tsami sosai a gwaji. Ko ita ɗin, idan ta toshe hanya sai an fara sa roba fitsari ya riƙa wanke ta kafin maganin ya yi tasiri. Jiƙe-jiƙen da ake tallar suna narkar da tsakuwa ba sa narkar da ta kalshiyam, wadda ita ce mafi yawa, lokaci kawai suke ci. Haka kuma Yaya ya daina sayen diclofenac ko ibuprofen a kemis yana sha kullum, domin suna rage jinin da ke shiga ƙoda, ga shi ɗaya ce ke riƙe da shi yanzu.

Ku ɗauko takardar CT ɗin ku duba, akwai abin da ya wuce girman tsakuwa. Akwai lambar taurinta, za ka ga an rubuta HU a gefe. Akwai nisan da ke tsakanin fata da tsakuwar, da kaurin naman ƙodar da ya rage, da ko akwai wasu tsakuwoyin a cikin ƙodar. Idan ba a rubuta ba, a koma wa wanda ya karanta hoton ya auna, minti kaɗan ne. Sai gwajin ƙoda na jini, da yawan jini, da sukari, da shuka fitsari don a ga ko akwai ƙwayoyin cuta. Wannan na ƙarshen kada a tsallake shi ko da mutum ba ya jin komai. Mafi munin abin da ke biyo bayan aikin tsakuwa shi ne cuta ta shiga jini, kuma sau da yawa daga fitsarin da ba a tsabtace ba kafin aiki take tasowa.

Fasawa da na'ura daga waje, abin da abokansa ke nufi, a takarda ana rubuta shi ESWL. An fara yi wa ɗan adam shi a birnin Munik na Jamus a 1980. Mutum na kwance, a manna kan na'urar a kwiɓinsa, a saita tsakuwar da eksire ko sikanin, sannan a riƙa aika mata bugu, kamar 3,000 zuwa 4,000 a zama ɗaya na kusan awa guda. Bugun a hankali, 60 zuwa 90 a minti, ya fi fasawa kyau kuma ya fi sauƙi ga ƙoda. Hanya ce mai kyau ga tsakuwar da ba ta kai milimita 10 ba, lambar taurinta ta HU ƙasa da 1,000, a jikin mutum marar ƙiba, wanda nisan fatarsa da tsakuwar bai wuce kamar santimita 10 ba. Amma na'urar fasawa kawai take yi, fitarwa aikin jiki ne. Tsakuwar da ta daɗe a wuri ɗaya naman bututu ya kumbura ya rungume ta, babu ruwa a kewayenta, bugun ba ya cin ta sosai, ko ta tsage ma gutsattsarin ba su da wurin motsi. Idan kuma ta fashe, suna iya jeruwa a ƙasan bututu su sake toshe shi. Ba a yi wa mai juna biyu, ko mai shan maganin tsinka jini, ko mai cutar fitsari da ba a magance ba. Ga tsakuwar Yaya, ni ba zan sa wannan a gaba ba. Akwai yiwuwar ya biya jirgi da masauki, a yi zama biyu ko uku, a ƙarshe a ce sai an shiga da madubi, wato siririyar na'ura mai kyamara da ake leƙa cikin jiki da ita.

Aikin leza shi ne shiga da madubi ta hanyar fitsari, ana rubuta shi URS. Babu yanka ko kaɗan. Bayan allurar barci ko ta baya, likita zai shiga mafitsara, ya nemo bakin bututun hagu, ya zura wata waya mai laushin kai har ta wuce tsakuwar ta shiga ƙoda, yana kallonta a eksire. Wayar nan ita ce igiyar tsira, ko me ya faru a tsakiyar aiki ta kanta za a bi a sa roba. Sai madubin, kaurinsa kamar milimita biyu da rabi, ya bi gefenta ya hau, ruwa na gudana a gabansa yana buɗe hanya. Idan ya iso tsakuwar a allo za a gan ta ta cika bututun, ruwan kasa ko baƙa-baƙa, naman da ke kewaye ya yi ja ya kumbura. Ta cikin madubin ake zura zaren leza wanda bai kai rabin milimita ba, a ɗora bakinsa a jikin tsakuwar. Da ƙaramin ƙarfi da saurin bugu ana niƙe ta ta zama gari ta bi fitsari. Da babban ƙarfi ana farfasa ta gida-gida a kwashe da ɗan kwandon waya. Ƙa'idojin ƙungiyar likitocin mafitsara ta Turai sun sa wannan a gaba ga tsakuwar saman bututu da ta wuce milimita 10, domin ya fi raba mutum da ita a shiga ɗaya. Akasari kwana ɗaya ake yi a asibiti.

Sai dai saman bututu yana da tarkonsa, kuma a nan ne nake so ka buɗe kunne. Sama da tsakuwar, hanya ta buɗe kamar mazurari saboda fitsarin da ya taru, ƙodar kuma ba ta fi 'yan santimita ba daga wurin. Da zarar an ɓanɓaro tsakuwar daga inda ta maƙale, ƙarfin ruwa ko na bugu na iya cilla ta sama ta faɗa cikin ƙoda, sau da yawa ta gangara lungun ƙasa. Madubi iri biyu ne: miƙaƙƙe na ƙarfe, da mai lanƙwasa wanda kansa ke juyawa. Miƙaƙƙen ba zai iya bin ta can ba. Idan shi kaɗai ne a ɗakin tiyata, aiki ya tsaya, sai a sa roba a farkar da mutum, tsakuwarsa na nan, kuɗi kuma sun tafi. Wannan ya fi faruwa idan da sandar bugu mai aiki da iska ake fasawa maimakon leza, domin ita tura tsakuwa take yi kamar guduma. Akwai dabaru, a ɗaga kan gado sama, a rage ƙarfin ruwa, a sa wani abin tarewa a bayan tsakuwar, a fara cin ta daga tsakiya a bar gefenta a manne har ƙarshe. Amma maganin gaskiya shi ne madubi mai lanƙwasa ya kasance a ajiye a shirye. Saboda haka jin kalmar leza kaɗai bai isa ba. Ka tambayi likitan kai tsaye: idan ta gudu cikin ƙoda, kuna da abin bin ta a wannan zaman? Likitan da ya san aikinsa ba zai ji haushin tambayar ba.

Sauran abubuwan da kan faru: madubi ko waya su huda bangon bututu, musamman inda tsakuwa ta riga ta cinye shi, wannan yawanci roba ta 'yan makonni ke warkar da shi. Idan aiki ya yi tsawo ana ta tura ruwa da ƙarfi, ƙwayoyin cuta na iya komawa jini, shi ya sa likita mai hankali yakan tsaya idan an kusa awa ɗaya da rabi, ya bar saura zuwa zama na biyu. Wani mai muni ƙwarai, kuma ba kasafai ba, shi ne a kama babban gutsure da kwando a ja da ƙarfi bututun ya tsinke. Sannan bayan watanni, tabo na iya tsuke wurin da tsakuwar ta zauna.

Akwai wani abu da ya shafe mu nan musamman. Idan Yaya ya taɓa fitsarin jini yana yaro, irin na masu wanka a kududdufi ko a magudanan noman rani na wajen Kura da Kadawa, a gaya wa likita. Tsargiya takan bar tabo a ƙasan bututun, kusa da mafitsara, ta tsuke shi ya yi tauri. Madubin kuwa ta nan zai bi. Idan ya ƙi wucewa, ba a tilasta shi. A sa roba, a jira mako ɗaya zuwa biyu, bututun kan saki da kansa, sannan a koma. Wannan kan faru ko ga wanda bai taɓa tsargiya ba. Idan aka fito aka ce muku yau roba kawai aka sa, kada ku ɗauka an gaza, an kare masa bututu ne.

Robar nan da nake ta ambata ana kiranta DJ. Tsawonta kamar santimita 24 zuwa 26, kai ɗaya ya naɗe a ƙoda, ɗayan a mafitsara, ba a ganinta daga waje. Tana sa yawan fitsari, ɗan jini-jini bayan zirga-zirga, da sukar kwiɓi lokacin fitsari. Duk wannan ba abin tsoro ba ne, zazzaɓi ne abin tsoro. Babban haɗarinta mantuwa. Ana cire ta ne bayan mako ɗaya zuwa biyu idan aiki ya tafi sumul, ko huɗu zuwa shida idan bututu ya ji rauni, kuma cirewar 'yan mintuna ce. Amma mutum ya ji sauƙi, kasuwa ta buɗe, ya manta. Bayan watanni gishirin fitsari ya daskare a jikinta, tsakuwa ta tsiro a kai biyun, abin da minti biyar zai cire ya koma manyan ayyuka biyu ko uku, wani lokaci har a rasa ƙodar. Kafin ku bar asibiti a rubuta ranar cirewa, kai ma ka sa a wayarka, kuma ku tambaya tun farko ko kuɗin cirewa na cikin lissafi.

Hanya ta uku ita ce hudawa ta baya, PCNL. Ana soka allura ta fata cikin ƙoda da taimakon sikanin ko eksire, a faɗaɗa ramin zuwa milimita 5 ko 6 a ƙaramin aiki, ko kusan santimita ɗaya a babba, a shiga da madubi a sauko wa tsakuwar daga sama. Tunda daga sama aka zo mata ba ta da inda za ta gudu, kayan aiki sun fi kauri, ana kwashe manyan gutsattsari. Ta dace da tsakuwar da ta wuce milimita 15 kuma ta maƙale, ko idan akwai wasu a cikin ƙodar, ko hanyar ƙasa ta ƙi. Farashinta shi ne ana ratsa naman ƙoda, don haka zubar jini ya fi yawa, har a buƙaci ƙarin jini wani lokaci. Idan hudar ta bi saman haƙarƙari na ƙarshe tana iya taɓa rigar huhu. A tanadi mai ba da jini, a kuma yi shirin kwana biyu zuwa huɗu.

Sai ciro ta ɗungum. Ana yi ta ƙananan huda uku ko huɗu a ciki da kyamara, ko ta yanka a kwiɓi. A duka biyun likita zai nemo bututun, ya riƙe shi sama da tsakuwar don kada ta zille, ya tsaga shi a tsaye daidai kanta, ya ciro ta, ya sa roba, ya ɗinke, ya bar wata robar a gefe don kwashe fitsarin da ka iya ɗiga na 'yan kwanaki. Kada ka raina likitan da ya ce a yanka. Ga babbar tsakuwa guda ɗaya mai tauri da ta daɗe, wannan aiki yana fitar da ita baki ɗaya, babu gutsure ko ɗaya da ya rage, kuma ba ya dogara da na'ura mai tsada. Abin da mutum ke biya shi ne ciwon rauni, kwanaki a gado, tabo, da mako huɗu zuwa shida ba ɗaukar dila ko wani kaya mai nauyi. Abu ɗaya kada a manta: a sake hoto a ranar aikin ko daf da ita, domin tsakuwa na iya matsawa, a yanka a tarar ba ta nan.

To, ga Yaya. Milimita 14, wata biyu a wuri ɗaya, ƙoda a kumbure. Zaɓina na farko leza ne, da sharaɗin akwai madubi mai lanƙwasa da eksire a ɗakin tiyata, kuma mai aikin yana yin irinsa a kai a kai. Idan hoton ya nuna taurinta ya yi yawa, bangon bututu ya yi kauri a kewayenta, ko akwai wasu a sama, hudawa ta baya ta fi. Idan waɗannan biyun ba su samu ba, ko kuɗinsu zai sa a ƙara wata uku ana tarawa, aikin yanka a hannun ƙwararre cikin makon nan ya fi leza bayan wata uku. Idan kuma dole sai an jira, a sa DJ yanzu ƙodar ta samu numfashi. Ba sai an fita waje ba kafin a ga likitan mafitsara, akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Cibiyar Mafitsara ta Abubakar Imam, ku je da faifan hoton kansa, ba takardar sakamako kaɗai ba. Idan naman ƙodar ya yi siriri ƙwarai a hoto, za a iya neman gwajin da ke auna kason aikin kowace ƙoda, domin wadda aikinta ya faɗi ƙasa da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari kuma tana jawo cuta, wani lokaci cire ta ake yi.

Kafin aiki a faɗa wa likita duk maganin da yake sha, musamman asfirin, clopidogrel ko warfarin, kuma kada ya dakatar da su da kansa. Bayan aiki ku karɓi gutsuren tsakuwar a kai gwaji a san irinta, domin kusan rabin masu tsakuwa takan dawo musu cikin shekara goma, kuma rigakafin ya danganta da nau'in. Abin da ake nema shi ne fitsari lita biyu da rabi a rana. Ga mai wuni a cikin Kwari a zafin Maris zuwa Mayu, wannan na nufin ruwan leda bakwai ko takwas ko fiye, har fitsari ya zama fari-fari, tare da rage gishiri da dunƙulen miya da lemon kwalba. Idan azumi ya riske shi da roba a jiki, ya yi magana da likitansa kafin ya ɗauka. Mako huɗu zuwa takwas bayan cire robar a yi sikanin ƙoda ko da yana jin garau, don a tabbatar kumburin ya sauka kuma tabo bai tsuke bututun ba.